Abin da jini ke faɗa game da mabiyiya: tambayoyin masu juna biyu a Sakkwato da amsoshinsu

Tambayoyin nan a bencin awo aka tattara su. Wasu daga bakin masu cikin suka fito, wasu daga mazajensu da ke tsaye a bakin ƙofa da katin awo a hannu, wasu kuma daga iyaye mata da suka rako 'ya'yansu masu cikin fari. Wadda aka fi ji ita ce wadda ake yi da an miƙo takardar sakamako: "Malama, mi kunka gani ga jinina?" An jera su daga mai sauƙi zuwa mai zurfi, kuma kowace amsa tana iya tsayawa da ƙafarta. Ba su maye gurbin ganin likita.

1. Mece ce mabiyiya, kuma me ake nufi idan aka ce tana da matsala?

Mabiyiya ita ce tsokar nan da ke biyo jariri bayan ya faɗo, wadda wasu ke ce wa uwa. Nauyinta wajen rabin kilo ne idan ciki ya cika wata tara. Ita ce huhun ɗan tayi, ita ce cikinsa, ita ce ƙodarsa: ta nan iska da abinci ke isa gare shi, ta nan kuma dattin jikinsa ke fita zuwa jinin uwa.

A watannin farko mabiyiya tana kafa saiwoyi a bangon mahaifa, tana buɗe ƙananan jijiyoyin jinin uwa su yi faɗi, kamar yadda mai noman rani a Fadama ke faɗaɗa bakin kwari don ruwa ya wadaci kowane fangali. Wannan aiki yana kammala wajen sati 20. Idan bai yi kyau ba, jijiyoyin sai su zauna a tsuke, jini ya riƙa isa da ƙyar. Daga nan ne manyan matsaloli uku ke tasowa: hawan jinin ciki mai taɓa ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa, wanda likitoci ke kira firi-ekilamsiya; rashin girman jariri a ciki; da ɓallewar mabiyiya daga jikin mahaifa kafin haihuwa. Akwai kuma matsalar wurin zama, wato mabiyiya ta sauko ta tare ƙofar mahaifa ko ta manne ta ƙi fita, amma wannan wani babi ne, yana tambaya ta 10.

2. Ta yaya jinin da aka ɗiba a hannuna zai nuna abin da ke faruwa a mahaifa?

Jinin uwa yana ratsa mabiyiya dare da rana, fiye da rabin lita a kowane minti idan ciki ya tsufa. Duk abin da mabiyiya ta zubo, cikin wannan jini yake shiga, ya zaga jiki duka. Mabiyiya mai lafiya da wadda ke cikin wahala ba abu ɗaya suke zubowa ba. Shi ya sa ɗan jinin da aka zuƙa daga gwiwar hannu zai iya ba da labarin abin da ido bai kai gare shi ba, wani lokaci makonni kafin na'urar awon jini ta nuna hawa.

3. Na ji ana ambatar PlGF da sFlt-1. Mene ne su?

Sinadarai biyu ne da mabiyiya ke fitarwa, kuma aikinsu kishiyar juna ne. PlGF yana taimaka wa jijiyoyin jini su tsiro, su yi laushi, su zauna a buɗe. A ciki mai lafiya yana ta hawa har wajen sati 30, sa'an nan ya fara sauka a hankali. Shi kuma sFlt-1 kamar tarko yake: yana kama PlGF da wani ɗan'uwansa mai suna VEGF, ya hana su aiki. Kaɗan daga cikinsa ba laifi ba ne, ko a ciki mai lafiya yakan ƙaru a ƙarshe. Amma idan mabiyiya ta rasa isasshen jini, sai ta riƙa kwararo shi fiye da ƙima. Jijiyoyin uwa su tsuke, jini ya hau, matatar ƙoda ta fara yoyon furotin cikin fitsari, ruwa ya taru a fuska da hannuwa.

Wannan sani bai daɗe ba. A 2003 ne ayarin Dakta Ananth Karumanchi a birnin Boston na Amurka ya nuna cewa sFlt-1 ya yi yawa a jinin mata masu firi-ekilamsiya, kuma da aka ƙara shi a jikin ɓeraye masu ciki sai suka nuna alamun cutar. A 2004 wani bincike ya gano cewa yakan fara hawa kimanin makonni biyar kafin cutar ta bayyana. Kafin nan, shekara da shekaru, likitoci sun san cewa fitar mabiyiya ce ke kawo sauƙi, amma ba su riƙe sinadarin da ke yin ɓarnar a hannu ba.

4. Me lambar 38 take nufi? Na gan ta a wani bayani.

A ɗakin gwaji ana auna sinadaran biyu, a raba adadin sFlt-1 da na PlGF. Lambar da ta fito ita ake dubawa. Ƙaramar lamba alama ce ta mabiyiya mai natsuwa, babba kuma ta mai wahala.

Wani babban bincike mai suna PROGNOSIS, wanda aka wallafa a 2016, ya bi matan da ake zargin firi-ekilamsiya na shirin kama su tsakanin sati 24 da ƙarshen sati 36. A cikin waɗanda lambarsu ta tsaya a 38 ko ƙasa, kashi 99.3 cikin 100 ba su kamu ba a makon da ya biyo baya. Amma a cikin waɗanda lambarsu ta haura 38, kusan 37 ne kawai cikin 100 suka kamu cikin makonni huɗu. A lura da wannan bambanci da kyau, domin shi ne zuciyar maganar: gwajin ya fi gwanancewa wajen cewa "ba yanzu ba" fiye da cewa "ga ta nan tafe".

Akwai wasu iyakokin a sama. Lamba fiye da 85 kafin sati 34, ko fiye da 110 daga sati 34 zuwa sama, tana nuna da wuya a ce ba cutar mabiyiya ba ce. Wasu na'urorin kuma PlGF kaɗai suke aunawa: 100 zuwa sama ana ɗaukarsa lafiya, ƙasa da 100 abin lura, ƙasa da 12 kuwa alama ce mai ƙarfi cewa haihuwa ba za ta yi nisa ba. Kowace na'ura da nata ma'auni, don haka kada a ɗauki lambar wani lab a gwada da ta wani.

5. Idan sakamakon ya yi kyau, na tsira ke nan? Idan ya yi muni, aiki za a yi mini?

Duka biyun a'a. Sakamako mai kyau yana magana ne a kan mako guda zuwa biyu masu zuwa, ba sauran cikin duka ba. Mace na iya samun lamba 20 yau, bayan wata guda jininta ya hau. Ranar awo tana nan daram, kuma alamomin tambaya ta 12 suna nan a matsayinsu.

Sakamako mara kyau kuma shi kaɗai ba ya sa a shiga da mace tiyata. Abin da yake sawa shi ne a matso da ita kusa: a riƙa auna jininta sau da yawa, a maimaita gwaje-gwajen tambaya ta 7, a duba jariri a hoto, wani lokaci a ba ta gado. A Ingila an gwada wannan a asibitocin haihuwa 11, a binciken PARROT na 2019 mai mata fiye da 1,000. Inda likitoci suka ga sakamakon PlGF, lokacin gano cutar ya ragu daga kwana 4.1 zuwa 1.9, munanan matsalolin uwa kuma suka sauka daga wajen 5 cikin 100 zuwa wajen 4. Ribar ke nan: kwana biyu na shiri. Ga wanda bai taɓa tsayawa a ɗakin haihuwa ba kwana biyu ƙaramin abu ne. Ga mu masu aiki a ɗakin haihuwa kuwa, kwana biyu sun isa a sauko da jini, a yi allurar ƙosar da huhun jariri, a nemo jinin ƙari, a kuma kawo mace daga Isa ko Tangaza da rana tsaka maimakon tsakar dare.

6. Ana yin wannan gwaji a wurin awo a nan Sakkwato?

Ba ya cikin jerin gwaje-gwajen awo na yau da kullum a Najeriya. Yana bukatar na'ura ta musamman da sinadaran da ake shigowa da su daga waje a ajiye cikin sanyi, kuma yana da tsada. Ko a ƙasashe masu arziki sabon shiga ne: hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta fara amincewa da shi a 2016, ta faɗaɗa amfaninsa a 2022, hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka kuma sai a 2023 ta ba irinsa na farko izini. Wadda ke son sanin ko za a iya yi mata, likitan mata a babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, shi ne zai ce ko yanayinta na bukatarsa da kuma inda za a kai jinin.

Ina so in faɗi ra'ayina a fili a nan. Ina fatan ranar da gwajin nan zai yi araha ya iso kowane babban asibiti namu, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen ciki da haihuwa a duniya 'yan Najeriya ne, kuma hawan jini na cikin manyan dalilai. Amma matan da muke rasawa, ba rashin PlGF ne ke kashe mafi yawansu ba. Suna zuwa ne ba a taɓa ɗaura musu na'urar awon jini a hannu ba tun da suka ɗauki cikin. Kada maigida ya sayar da tunkiya don neman gwaji mai tsada alhali bai biya kuɗin motar zuwa awo ba.

7. To waɗanne gwaje-gwaje ne ke hannunmu, kuma me suke hasashe?

Na farko ba jini ake ɗiba ba: awon hawan jini da tsinken gwajin fitsari. Idan awo ya kai 140 bisa 90 bayan sati 20, aka sake bayan sa'o'i huɗu ya tsaya a nan, hawan jinin ciki ne. Idan ya kai 160 bisa 110, wannan gaggawa ce, ba a komawa gida da shi. Furotin a fitsari yana nuna ƙoda ta fara taɓuwa.

Sai na jini, waɗanda kowane babban asibiti ke iya yi. Ƙwayoyin daskarar da jini, wato filetilet, a mai lafiya sukan wuce 150,000; idan suka faɗo ƙasa da 100,000 akwai haɗarin zubar jini da ba ya tsayawa. Kiretinin yana nuna aikin ƙoda, kuma a mai ciki ya kamata ya yi ƙasa da na sauran mutane, don haka lambar da za a ce "ba laifi" ga namiji tana iya zama gargaɗi gare ta. Sinadaran hanta, AST da ALT, idan suka ninka na ƙa'ida sau biyu hanta ta shiga ciki. Idan jajayen ƙwayoyin jini na farfashewa, hanta ta hau, filetilet suka faɗi, an shiga abin da ake kira HELLP, sunan da Dakta Louis Weinstein ya sa masa a 1982. Yana iya zuwa ko da jini bai hau sosai ba, kuma sau da yawa da ciwon bakin ciki, wato saman ciki ƙarƙashin ƙirji, yake fara sallama, a ɗauka olsa ce. Yurik asid kuma, wani dattin jini da ƙoda ke fitarwa, ana yawan rubuta shi, amma hasashensa mai rauni ne, ba a yanke hukunci a kansa shi kaɗai.

A 2011 masu bincike suka haɗa abubuwa shida a lissafi ɗaya mai suna fullPIERS: makonnin ciki, ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, yawan iskar oksijin a jini, filetilet, kiretinin da AST. Da su ake hasashen wadda za ta shiga mummunan hali cikin sa'o'i 48. A 2014 aka fito da ƙaraminsa, miniPIERS, don wuraren da babu lab ko kaɗan, wanda ya dogara da alamomi, awon jini da tsinken fitsari. Darasin da na ɗauka daga wannan shi ne, gwaji mai araha da aka maimaita ya fi mai tsada da aka yi sau ɗaya. Filetilet 160,000 ranar Litinin da 115,000 ranar Alhamis sun faɗi abin da kowannensu shi kaɗai ba zai faɗa ba. Ku riƙa adana tsofaffin takardun sakamako cikin katin awo.

8. Akwai gwajin da zai nuna haɗari tun ciki yana ƙarami?

Akwai, tsakanin sati 11 da 14. Ana haɗa tarihin mace, awon jininta, hoton dofla, wato mai nuna gudun jini, na jijiyoyin da ke kai jini mahaifa, da PlGF ko wani sinadarin mabiyiya mai suna PAPP-A. Idan PAPP-A ya yi ƙasa ƙwarai a wannan lokaci, haɗarin ƙaramin jariri da hawan jini yana ƙaruwa, ko da yake mafi yawan masu irin wannan sakamako lafiya suke haihuwa.

Amfanin sani da wuri shi ne akwai abin yi. A binciken ASPRE na 2017, matan da aka gano suna cikin haɗari aka ba su asfirin miligiram 150 kowane dare har sati 36. Firi-ekilamsiyar da ke sa a haihu kafin lokaci ta kama kashi 1.6 cikin 100 nasu, alhali ta kama 4.3 na waɗanda ba su sha ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar miligiram 75 a kullum ga masu haɗari, da kuma kalsiyam giram 1.5 zuwa 2 a rana inda abinci ba ya wadatar da shi. Kuma ba sai da gwajin jini ake gane mai haɗari ba. Wadda ta taɓa yin hawan jini ko jijjiga a cikin baya, mai hawan jini tun asali, mai ciwon suga ko ƙoda, mai ɗauke da tagwaye, duk tarihinsu ya isa likita ya duba batun asfirin. Cikin fari, shekaru 40 zuwa sama, ƙiba, da uwa ko 'yar'uwa da ta taɓa yi, su ma ana lissafa su.

Matsalarmu ita ce lokaci. Asfirin ya fi aiki idan an fara kafin sati 16, mu kuwa al'adarmu ɓoye ciki ce har sai ya fito, musamman na fari, saboda kunya da tsoron baki. Mace ta zo awon farko da wata shida, ƙofar rigakafi ta riga ta rufe. Ba sai an sanar da unguwa ba. Ungozoma kaɗai ta sani ya wadatar. Kuma kada a sayi asfirin a kemis a fara sha ba tare da likita ya rubuta ba.

9. An ce jaririna bai kai girman watanninsa ba. Jini zai nuna dalili?

Yana taimakawa. Wani jaririn ƙarami ne don iyayensa ƙanana ne, lafiyarsa ƙalau. Wani kuma yunwa yake ji a ciki don mabiyiya ta gaza. A na biyun PlGF yakan yi ƙasa sosai, a na farkon kuwa yakan zauna daidai. Amma jagora a nan hoto ne: a auna girman jariri duk bayan sati biyu zuwa uku, a duba yawan ruwa, a duba gudun jini a igiyar cibiya da dofla. Tef ɗin da ungozoma ke ɗorawa a ciki shi ne matakin farko. Daga sati 24 tsawon ciki a santimita yakan yi kusa da yawan makonni, idan ya gaza da yawa sai a tura hoto. Ke kuma naki aikin shi ne motsi. Idan ɗan da ya saba harbi bayan kin ci abinci ya yi shiru, ranar za ki zo, ba gobe ba.

10. Gwajin jini zai iya gaya mini ko mabiyiya za ta ɓalle ko ta tare hanya?

Babu gwajin jinin da ke faɗin ranar da mabiyiya za ta ɓalle. Abin yana faruwa a wajen ciki 1 cikin 100, kuma hawan jini na cikin manyan masu jawo shi, don haka sauko da jini shi ne kariyar da ke hannu. Alamarsa ciwon ciki mai tsanani, ciki ya yi tauri kamar dutse, da jini baƙi-baƙi, wani lokaci ma jinin a ciki yake taruwa ba ya fitowa. Mabiyiyar da ta tare ƙofa kuwa hoto ne ke nuna ta, alamarta jini ja ba tare da ciwo ba. Wadda aka taɓa yi wa aiki ta tabbata an duba mata wurin zaman mabiyiya, saboda takan manne a tabon. A duka waɗannan, gwajin da ya fi amfani shi ne sanin rukunin jininki da yawansa tun kafin ranar, da sanin wanda zai ba ki jini a dangi.

11. Zazzabin cizon sauro, sikila ko tagwaye suna canza sakamakon?

Suna canzawa. Ƙwayar maleriya tana maƙalewa a mabiyiya, ta kumbura ta, ta rage abincin da ke isa ga jariri, ko da uwa ba ta jin zazzabi kuma gwajin yatsa bai nuna komai ba. Wani bincike a Tanzaniya a 2006 ya sami sFlt-1 ya hau a masu cikin fari da ke da maleriyar mabiyiya. Maleriya kuma tana saukar da filetilet da kanta, don haka a damina, daga Yuli zuwa Oktoba, likita kan duba duka biyun kafin ya ce HELLP ce. Maganin rigakafin nan na SP da ake ba ku ku haɗiye a gabanmu, daga sati 13, wata-wata, aƙalla sau uku, da kwana cikin gidan sauro, kai tsaye mabiyiya suke karewa.

Masu sikila PlGF ɗinsu yakan yi sama tun ba ciki, masu tagwaye kuma sFlt-1 ɗinsu ya fi na mai ɗa ɗaya. Iyakokin tambaya ta 4 a kan mai ɗa ɗaya aka gina su. A gaya wa likita duk waɗannan kafin ya fassara lamba.

12. Ni ba na jin komai, sai ɗan kumburin ƙafa. Me ya sa ake ta ɗibar jinina?

Domin cutar nan ba ta sallama. Kumburin ƙafa kaɗai, musamman a zafin Afrilu da Mayu na Sakkwato, yawanci ba komai ba ne. Wanda ke damunmu shi ne na fuska da hannu. Na tuna wata yarinya mai cikin fari da aka kawo daga wani ƙauye. Ta zauna tana murmushi, ta ce lafiyarta lau, kai ne kawai ke ɗan sara mata kwana uku, tana shan farasitamol. Da na kama hannunta zan ɗaura na'ura, sai na ga zoben azurfarta ya nutse cikin yatsa, fatar ta rufe gefensa. Kakarta ta ce ai ƙibar ciki ce, alheri ne. Awo ya nuna 170 bisa 115, tsinken fitsari ya rine har ƙarshe. A daren aka fara mata allura, bayan kwana biyu ta sauka, ita da ɗiyarta suka koma gida. Da ta jira ranar awonta, sauran sati biyu.

A zo asibiti nan take idan akwai ciwon kai da ba ya jin magani, gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, ciwo a bakin ciki ko ƙarƙashin haƙarƙarin dama, sarƙewar numfashi, raguwar fitsari, zubar jini, ko raguwar motsin jariri.

13. Tsofaffi na cewa jijjiga iska ce. Akwai gwajin da ke hasashenta?

Jijjiga, ko taune-taune, ƙwaƙwalwa ce ke kumbura saboda hawan jini da lalacewar jijiyoyi, kuma tushenta mabiyiya ne, kamar yadda aka bayyana a tambaya ta 3. Babu lambar da ke cewa wance za ta faɗi gobe. Awon jini da alamomin tambaya ta 12 su ne gargaɗin. Addu'a ba ta hana tafiya asibiti. A yi ta a cikin mota. A kwantar da mace a gefenta na hagu, kada a cusa mata cokali a baki, kada a ɗura mata ruwa ko rubutu tana cikin wannan hali don zai iya wucewa huhu, kada a yi mata hayaƙi.

Maganinta allurar maganiziyam salfet ce, mai araha. Binciken Magpie na 2002, da mata fiye da 10,000 a ƙasashe 33, ya nuna tana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi. Likitocin Sakkwato ma sun sa hannu a wannan fage: a 2009 suka wallafa sakamakon gajeren tsarin ba da allurar, wanda har yau ake kira da sunan garin nan a rubuce-rubucen likitanci.

14. Me ya sa za a ce a fito da jariri kafin wata tara?

Domin magungunan hawan jini, irin su metildofa, nifedifin da labetalol, lamba suke saukarwa, ba su gyara mabiyiya. Cutar ba ta juyawa sai mabiyiya ta fita. Idan ciki ya kai sati 37, ba a jira. Kafin sati 34 ana ƙoƙarin sayen kwanaki, a yi allurar dekzametason don huhun jariri, ana sa ido da gwaje-gwajen tambaya ta 7. Idan suka nuna ƙoda, hanta ko filetilet na lalacewa, ko jini ya ƙi sauka, ko dofla ta nuna jariri na galabaita, sai a fito da shi ko bakwaini ne a sa shi a kwalba. Tsakanin sati 34 da 37, binciken CRADLE-4 da aka yi a Indiya da Zambiya, aka wallafa a 2023, ya nuna cewa shirya haihuwa da wuri ya rage mutuwar jarirai a ciki. Ba kullum ne aiki ba. Mata da yawa da ruwan naƙuda suke haihuwa da kansu.

Alhaji, Malam, idan aka miƙo maka takardar sa hannu, ka tambayi duk abin da kake son sani, haƙƙinka ne. Amma kada a tafi shawara gida a kwana.

15. Na haihu lafiya. Shi ke nan an rabu da matsalar?

sFlt-1 yana sauka da sauri cikin kwanakin farko bayan fitar mabiyiya, amma jijiyoyi ba su warkewa a rana ɗaya. Jini yakan fi hawa tsakanin kwana na uku da na shida, daidai lokacin da gida ya cika da 'yan barka ana shirin suna, kuma jijjiga na iya zuwa har cikin sati shida. A auna jini a waɗannan kwanaki ko da mai jego ta ce garau take.

Sai maganar kunun kanwa. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, tana ɗaga jini, tana ɗora wa zuciya kaya. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shanta da wankan jego mai tsananin zafi da ciwon zuciyar bayan haihuwa, kuma Sakkwato na cikin wuraren da wannan ciwo ya fi yawa. Firi-ekilamsiya ita ma tana ƙara haɗarinsa. Inna, idan ɗiyarki ta yi hawan jini a cikin nan, a dama mata kunu ba kanwa, a sassauta zafin ruwa. Idan ta kasa kwanciya a miƙe saboda numfashi, ko tari ya dame ta da dare, a dawo da ita.

16. Zai sake dawowa a ciki na gaba?

Yana iya dawowa, a wajen mace 1 cikin 6, kuma haɗarin ya fi haka idan na farkon ya zo da wuri ko ya yi tsanani. Wadda ta taɓa yi kuma ta fi sauran mata yiwuwar samun hawan jini na dindindin da ciwon zuciya a gaba, don haka ta riƙa auna jini aƙalla sau ɗaya a shekara ko ba ciki. A ba jiki hutu kafin wani cikin. Wadda ke shan maganin hawan jini irin lisinofiril ta gaya wa likita tun tana shirin ɗaukar ciki, domin yana cutar da ɗan tayi, akwai bukatar a canza shi. Da al'ada ta ɗauke wata biyu, ta zo awo da tsohon katinta da takardar sallamar asibiti, don a duba batun asfirin na tambaya ta 8 kafin sati 16 ya wuce.